Biyar Ta Ƙirga, Mu Shida Ne

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata ta wajen uba, ita na buɗe ido na kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, don kuwa haka na ji ƙannenta suna kiranta, har yau da furfura ta fara leƙo mini bakina bai iya wani sunan ba. Ita ma ba ta taɓa kama sunana ba. In ya zama dole ta ambace ni, sai ta ce "na Inna". In na shiga gaishe ta, takan amsa tana tsintar wani abu a faifai, daga lafiya lau sai madalla, sannan ta tuna ta bar tukunya a wuta. Alkunya ce, na sani, kowa ma ya sani. Amma ni mutum ne mai zuciya a kusa, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Damari. Da zama ya gagara muka tattaro muka dawo cikin Birnin Gwari, lokacin Baba da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaya ta zauna a gidan ƙanena mai bi mini, a Magajin Gari, tare da autarmu da ba ta yi aure ba tukuna. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare da ke bakin daji, kullum da safe in hau babur in tafi, da rana in dawo, in Allah ya sa na dawo. Na yi shekaru ina neman canjin wurin aiki, takalmina ya san kowane ofis. Da takardar ta fito, Kaduna aka ba ni, aka ce in bayyana da buɗe makaranta, in ban bayyana ba a ba wani.

Na je na kama haya mai ɗaki uku, ɗaya na ware don Yaya, har da labule na sa aka ɗinka. Na dawo na faɗa wa auta ta faɗa mata, don kuwa haka muke magana ni da mahaifiyata, ta bakin auta. Washegari auta ta kawo amsa: ta ce ba za ta ba. Na tambayi dalili, ta ce ba ta ba da dalili ba, cewa kawai ta yi Allah ya sa alheri.

Ranar na yi abin da na saba. Na ɗauki waya na danna wa auta saƙon murya mai tsawon gaske, na zazzage duk abin da ke cikina. Na ce dama ni ba a taɓa ɗaukata ɗa a gidan nan ba, na ce da ƙanena ne ya kama ɗakin da tuni an ɗaure kaya, na kawo zancen labule, na kawo zancen babur da hanya, na kawo har abin da ya faru ina aji uku. Na rufe da rantsuwar cewa in ba ta tafi ba ni ma ba inda za ni, takardar ta lalace, kowa ya huta. Maiɗakina tana jina, ta ce in goge kafin auta ta saurara. Na ce ba zan goge ba. Saura mako uku a koma makaranta, kuma da gaske nake, ban ɗaure ko tsinke ba.

A cikin wannan hutun ne aikin jin ra'ayin jama'a ya same ni. Wani abokina ya ce wata ƙungiya tana neman 'yan gari masu iya karatu da Hausa, za su bi gida gida suna tambayar mutane yadda suke ganin mulki da zaɓe da tsaro, da yadda wayar hannu ta sauya zamansu da 'yan'uwa da maƙwabta. Na karɓa don in sami abin da zai fitar da ni daga gida, na daina kallon takardar nan a kan tebur. Aka yi mana horo na kwana biyu, aka ba kowa na'ura mai faɗin allo, tambayoyin duk suna ciki. Dokokin ba su da yawa amma an nanata su har sun gundure ni. Za ka tsaya a wata alama, masallaci ko rijiya, ka ƙirga gidaje, inda lissafi ya faɗa nan za ka shiga. In ka shiga ka jera manyan gidan, na'urar ce za ta zaɓi wanda zai amsa, ba kai ba, ba maigida ba. Ka karanta tambaya yadda aka rubuta ta. Kada ka taya mutum amsa. Abin da ya faɗa sirri ne. Kuma kada ka kuskura ka yi wa danginka tambaya.

Da yake na girme su kuma na san lungunan garin, ni aka ba shugabancin rukuninmu, wato in raba aiki da safe, da yamma in duba abin da kowa ya cike kafin a tura. A cikinmu akwai wata malama 'yar Zariya, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi aure a garinmu, ita ke shiga cikin gidaje wurin mata. Tana da haƙuri irin wanda ke ba mai zuciya haushi.

Wanda ya tsara tambayoyin nan, Allah ya saka masa, amma bai taɓa zama a Birnin Gwari ba. Ka tambayi dattijo yaya yake ganin aikin shugaban ƙaramar hukuma, ka karanto masa zaɓi huɗu, ya gamsu ƙwarai, ya gamsu, bai gamsu ba, bai gamsu ba ko kaɗan, sai ya gyara zama ya ce Allah dai ya gyara. Ka sake karantowa, ya ce ai ya faɗa. Babu gurbin "Allah ya gyara" a cikin na'urar, na duba har na gaji. Wasu suna ganinmu sai su ɗauko katin zaɓe da katin ɗan ƙasa, a zatonsu sunayen masu samun taki ake rubutawa, in ka ce ba a ma rubuta suna sai fuska ta sauya. In an zo tambayar sulhu da mutanen daji kuwa, mutum zai dubi dama ya dubi hagu, ya dubi na'urar, ya tambaye ka wa zai ji wannan. Ban ga laifinsu ba. A garin da kalma ɗaya ta isa a ce da mutum infoma, wa zai saki baki don baƙon allo?

Wani tsohon Bafulatani da lissafi ya kai ni rugarsu a gefen gari, shi ya fi tsaya mini a rai. Na tambaye shi ko waya ta kusanto da mutane ko ta raba su. Ya ce da can in abokinka na cikin gari yana son jin lafiyarka, takowa yake yi, ya sha nono, ya ga 'yan maruƙa, ya koma da man shanu. Yanzu kuwa waya in ta yi ƙara da lambar da ba ka sani ba, gabanka ne ke faɗuwa kafin hannunka ya kai. Na ce to wanne zan danna, ta kusanto ko ta raba? Ya ce in danna wanda ba zai jawo mini faɗa da ogana ba. Na fito ina ƙunƙuni, malama tana yi mini dariya, wai ni da na zo jin ra'ayi ra'ayina ya fi na kowa yawa.

A mako na biyu aiki ya kai mu Magajin Gari. Muka tsaya a bakin wata rijiya na fara ƙirga gidaje, sai lissafi ya faɗa daidai ƙofar ƙanena. Na koma rijiyar na sake ƙirgawa, ya sake faɗawa nan. Na uku ma haka. Na ce wa malama gidan 'yan'uwana ne, doka ta hana ni, ta shiga ita kaɗai. Ban faɗa mata wace irin 'yan'uwantaka ba ce.

Na zauna a gindin mangwaron da ke ƙofar gidan. Ba a jima ba ƙanena ya fito yana huci, wai wace irin na'ura ce wannan marar ladabi, ga shi maigida a zaune ta tsallake shi ta zaɓi tsohuwa. Me Yaya ta sani a siyasa? Na ce ya yi haƙuri, haka tsarin yake, amma a raina na yarda da shi. Tambayoyin ba sa wuce minti arba'in. Malama ta shafe fiye da awa ɗaya a ciki. Ina nan zaune ƙudaje suna bin mangwaron da ya faɗo, sai na jiyo dariyar Yaya ta tsallako katanga, dariya sosai irin ta wanda ya sake. Na yi shekara arba'in da 'yan kai a duniya, ban taɓa zama a wurin da ta yi irin wannan dariyar ina gani ba. Baƙuwa daga zuwa ta samu.

Bayan la'asar muka zauna a barandar wata makaranta inda sabis ke ɗan kamawa, na karɓi na'urori ina dubawa. Babu suna a fom, amma ni na raba gidajen, na san wanne ne nata. Aikina ne in duba ko an tsallake tambaya, ba in karanta amsa ba. Na karanta, tun daga farko har ƙarshe.

Ashe Yaya tana da ra'ayi. Kansila ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Shugaban ƙaramar hukuma ta yarda da shi kaɗan. Ba zaɓen da ya taɓa wuce ta, kuma ta ce ba wanda ke faɗa mata wanda za ta dangwala wa. Labarai a rediyo take ji safe da yamma. A kan sulhu ta ce tana goyon baya amma ba ta saki jiki ba, amsar da ta fi ta rabin mazan da na tambaya tsayuwa. Ina karantawa ina jin kamar tarihin wata mata ce da ban taɓa haɗuwa da ita ba. Sai na iso shafin iyali. 'Ya'ya nawa kika haifa da ke raye? An rubuta biyar.

Mu shida ne. Na ƙirga a yatsa kamar ɗan aji ɗaya, ni, mai bi mini, mata uku, auta. Shida.

Na san al'adar. Da a gidan wani na gani, da ni zan yi wa malama bayani ina murmushi, in ce ai tsofaffinmu ba sa sa ɗan fari a lissafi. Amma ganin abin a rubuce, baƙi a kan fari, a cikin na'urar da za ta kai shi har inda ban sani ba, sai ya zame mini kamar an buga hatimi a kan abin da na daɗe ina zargi. Na ci gaba da dubawa. Wa ya saya miki wayar? An danna ɗan'uwa. Ni na saya mata wayar nan, 'yar ƙarama mai madannai irin wadda yara ke kira rakani-kashi, kuma tunda na saya ba ta taɓa kirana da ita ba, in na kira ma auta take miƙa wa. Kina da niyyar barin garin nan? A'a.

Na kira malama na ce ta yi kuskure. Ta ce abin da aka faɗa mata ta rubuta, tsohuwar ta ce biyar, wayar kuma ta ce na Inna ne ya saya, ita ta ɗauka ƙanen miji ne ko wani ɗan'uwa. Na ce ni ne na Innar, kuma matar nan ita ta haife ni. Malama ta riƙe baki. Ita 'yar zamani ce, hoton ɗanta na fari ne a fuskar wayarta, sunansa ba ya barin bakinta, har da na shagwaɓa take ƙara masa. Ta ce kakarta ma haka take yi wa babansu, in bar zancen, ba ƙiyayya ba ce. Na ce ban tambaye ta fassara ba. Na ce an sami kuskure a fom, kuma tsari ya ba shugaba dama ya koma gida ya tantance. Ta ce tsarin nan dai shi ya hana ni tambayar dangina. Na ce ni ne shugaba. Ta dube ni ta ce to za ta raka ni, don kada in je in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

Da hantsi muka shiga. Yaya tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗar iri, don ruwa ya fara sauka. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa faifai kamar kullum. Na ga ta fara laluben takalmi za ta tashi, sai na yi maza na jawo kujera 'yar tsugunne na zauna, na ɗora na'urar a gwiwa, na karanto gabatarwar da muke karanta wa kowa, da muryar aiki, cewa mun zo jin ra'ayi, ba dole, kuma abin da aka faɗa sirri ne.

Ta dubi malama ta ce ai jiya ta amsa wa abin nan. Malama ta ce akwai wurin da bai kama da kyau ba, Mama. Yaya ta mayar da takalmin, ta gyara zama ta fuskanci na'urar, ba ni ba, ta ce, "To, ya tambaya."

Na tambaya. 'Ya'ya nawa kika haifa da ke raye?

"Biyar," in ji ta.

Na sake karantowa a hankali, kalma kalma, yadda nake yi wa dattawan "Allah ya gyara". Ta ce biyar ta ce, ko abin ba ya ji ne? Na so in ajiye na'urar in yi magana da bakina, malama ta ɗan taka mini ƙafa. Sai na wuce shafin waya, don ban san me zan yi ba in ban karanta wani abu ba.

Sau nawa kike amfani da waya a rana? Ta ce sau biyu take kira, safe da rana. Wa kike kira? Ta ce matar na Inna. Wannan na sani, har tsiya nake yi wa maiɗakina, in ce ita da surukarta ba su da aiki sai zancen kuɗin daddawa da ciwon ƙafa. Tambayar da ta biyo ba ta cikin na'urar, ni na ƙirƙire ta, na yi kamar ina karantawa. Me ya sa ita kike kira?

Yaya ta ɓare gyaɗa biyu kafin ta amsa. Ta ce yarinyar tana da surutu, Allah ya yi mata albarka. In ka kira ta da safe, a cikin zance za ta ce ya fita. In ka kira da rana, a cikin zance za ta ce ya dawo. Ba sai mutum ya tambaya ba.

Na sunkuyar da kai kan allon. Na karanto ta gaba, wadda na yi wa tsohon Bafulatani: a ganinki waya ta kusanto da iyali ko ta raba su?

Ta ce ta kusanto. Ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan. Sai ta sa hannu a ƙarƙashin tabarma ta ciro wayar, ta kawo ta kusa da ido, ta danna wani wuri da alama yatsanta ya saba da shi. Murya ta fashe a tsakar gidan, tana cewa dama ni ba a taɓa ɗaukata ɗa a gidan nan ba.

Muryata ce. Saƙon nan ne da na tura wa auta, da labulensa da babur ɗinsa da aji ukunsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malama ta cusa bakin hijabi a baki, kafaɗunta suna rawa. Na hango auta ta leƙo daga madafa ta koma da sauri, ita ce munafukar da ta sa mata shi a memori. Yaya ta bar shi ya yi ta zuba har wajen rantsuwar, sannan ta kashe. Fuskarta ba fushi, ba komai.

Ta ce wa na'urar kullum bayan azahar take saurara. Ta ce faɗan babansa ne sak, har yadda yake jan numfashi in zai ƙara wani. Sannan ta ce, a hankali, tana juya wayar a hannu:

"Tunda aka haife shi ban taɓa jin maganarsa mai tsawo haka ba. Da babu abin nan, ina zan ji?"

Ban iya ɗaga kai ba. Duk shekarun nan ina lissafin kalmomin da ba ta faɗa mini ba, ban taɓa lissafin nawa ba. Ina kwana, lafiya lau, sai an jima. Abin da ta samu daga bakina ke nan, sai wannan zagin da na aika, shi ma ta adana.

Malama ce ta karɓi na'urar daga gwiwata, ta ga ba zan iya ba, amma Yaya ta ce a mayar wa mai shi ya ƙarasa aikinsa. Na karɓa. Saura tambaya ɗaya, wadda ta kawo ni. Kina da niyyar barin garin nan? Ta ce a'a. Na ce dalili. A cikin na'urar akwai gona, akwai dangi, akwai rashin hali, akwai sabo. Ba ta zaɓi ko ɗaya ba.

Ta ce gidan da za ta je ta wuni a ɗaki tana jiran maigidan ya fita kafin ta fito alwala, shi bai sake a gidansa ba, ita ba ta sake ba, matarsa tana tsakiya tana wahala, wannan ba zama ba ne. Ta ce ita ta tsufa da halinta, ba a birni za ta sauya shi ba. A nan tana da masu ɗebo mata ruwa, tana da maƙwabta, tana da rediyonta. Abu ɗaya ne ba ta da shi. Ta ce tun ranar da aka kai shi makarantar bakin dajin nan, abincin safe ba ya wuce mata wuya sai yarinyar ta ce ya dawo.

Sai ta nuna na'urar da ɓawon gyaɗa, ta ce:

"Rubuta masa ya tafi. In yana can zan ci abinci. In ya zauna saboda ni, ban yafe ba."

Duk wanda uwa ta haifa ya san nauyin wannan kalmar. Na taɓa jin ta faɗa wa ƙannena a kan ƙananan abubuwa, cikin faɗa, ta dawo ta janye. Ni ba ta taɓa yi mini faɗa ba balle ta kai nan. Wallahi daɗi na ji. Ina zaune a kujera 'yar tsugunne, ƙato da ni, hawaye yana ɗiga a kan allon mutane, kuma daɗi nake ji an yi mini faɗa.

Malama ta share nata idon ta ce, Mama, to biyar ɗin nan fa, a gyara?

Yaya ta ci gaba da ɓara. Ta ce a bar shi biyar. "Wanda ke riƙe da abin ai ya san sauran."

Da muka tashi tafiya ta ɗebi gyaɗa cike da hannu biyu ta zuba wa malama a gefen hijabi, ta ce ta ba abokin aikinta, ɗanya yake so tun yana ƙarami, shi ya sa Inna ba ta taɓa samun irin shuka cikakke ba. Ban san ta san wannan ba. A gidanmu na ƙauye ɗakin Inna yana can ƙarshen gida, nata yana nan bakin ƙofa, ashe duk tana gani.

Da yamma na kira ogan aikin na faɗa masa abin da na yi, na karanta amsar da ba tawa ba, na kuma koma gidan mahaifiyata da na'ura. Ya wanke ni tas, kuma ya yi daidai. Ya ce hirar farko da malama ta ɗauka ita za ta tsaya, kada in taɓa ko harafi, shugabancin kuma in miƙa wa malama har a gama. Ban yi musu ba, abin da ya ba kowa mamaki. Don haka a wani ofis da ban sani ba, cikin amsoshin mutanen da ba su da suna, akwai wata tsohuwa a Birnin Gwari da ba ta yarda da kansila ba, tana ganin waya ta kusanto da iyali, kuma 'ya'yanta biyar.

Kwana biyu kafin a buɗe makaranta muka ɗaure kaya. Na je sallama, ta amsa wa faifai, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta tuna da tukunya. Ban ji haushi ba. Muka bi ayarin motocin safe, kowa a motar ya yi tsit yadda aka saba a hanyar nan, ba mai magana sai mai jan carbi. Sai da muka wuce Buruku mutane suka fara sakin numfashi, direba ya kunna rediyo. A nan wayata ta yi ƙara. Na zaci ta maiɗakina ce, don wannan lokacin ne Yaya ke kiranta. Na duba, tawa ce, kuma lambar Yaya ce.

Na ɗauka na yi sallama. Shiru. Ina jin kaji, ina jin wata tana daka a maƙwabta, ina jin numfashinta. Na ce ko auta ce? Shiru. Sai na gane. Na gyara zama na fara ba da labari. Na ce mun wuce Buruku lafiya, hanya ba komai, an yi ruwa a wajen nan masara har ta fito. Na ce yara sun yi barci, ƙaramar ta yi amai sau ɗaya amma ta ware. Na faɗi yadda direba ya tsuga mana kuɗin kaya, na faɗi yadda gidan hayar yake, da rijiyarsa, da ɗakin da ke da labule wanda zan sa a bar shi haka ko auta za ta zo hutu. Na yi ta zuba, mutanen motar suna juyowa suna kallona, har na rasa abin faɗa na koma kan masarar.

Can ta ce, "To." Ta kashe.

Har yau ba ta kama sunana ba, kuma na daina jira. Amma duk Juma'a bayan la'asar wayata tana ƙara, in ɗauka in ji kaji. Tun ranar Laraba nake fara tara abin da zan faɗa, don kada ya yi mata gajarta.